Yadda ake gano dalilin hayaƙin tsohuwar mota

Da farko a tayar da injin da safe, a bar shi ya yi zafi, wani ya tsaya bayan motar yana duban salansa. Farin tururin da ke ɓacewa cikin mintuna kaɗan a sanyin hunturun Damagaram ba matsala ba ne.

Idan farin hayaƙin ya yi kauri kuma ya ƙi tsayawa, ruwa ne ke shiga injin, galibi saboda gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. A kashe motar, a jira ta huce sarai kafin a buɗe murfin lagireto, domin ruwan zafi yana ƙona fuska. Sannan a zaro sandar awon mai: idan man ya koma kamar shayi da madara, kada a sake tuƙa ta.

Shuɗin hayaƙi alama ce ta cin baƙin mai. Idan da tashi kawai yake fitowa, robobin bawul ne suka bushe. Idan kuwa sai an taka totur, zoben fistin ya cinye.

Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ko gas ya yi yawa, iskar da ke shiga injin kuma ta yi kaɗan. A fara duba matatar iska, wadda ƙurarmu ke toshewa da wuri, kafin a kai wa makanike ya taɓa kafireto.