Babi na 6: Abin da Yaronki Ke Ci a Makaranta

Darasi na 1: Me ka ci yau?

'Yan uwana mata, sannunku da ƙoƙari. A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare, daga aji 1 zuwa aji 3, a kan naira 70 kowane yaro a rana. Ke da kike cefane a kasuwar Farin Gada ta nan Jos kin san iyakar abin da naira 70 za ta sayo. Yanzu yawancinmu mu ne muke zuba wa yara abinci a kula, ko mu ba su kuɗin tara su saya a bakin makaranta. Ko ma wane ne ya dafa, cikin ɗanki zai shiga.

In yaro ya dawo, kada ki ce masa "Ka ci abinci?" Zai ce e, ya ruga wasa. Ki ce: "Me ka ci yau?" Abu uku muke nema a kwanonsa. Akwai mai ƙosarwa, irin su shinkafa, acca da dankali. Akwai mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, gyaɗa. Sai mai tsare lafiya, wato ganye, karas, kabeji, lemo. Mu a Jos ba mu da uzuri a kan na ukun nan, ga kayan lambu har ana lodinsu zuwa wasu jihohi. A wurina gwate mai ganye da 'yar gyaɗa ya fi fakitin biskit nesa ba kusa ba.

Darasi na 2: Ranar lalacewa

A nan ake faɗuwa, don haka za mu tafi a hankali. Kowace ta ɗauko ledar biskit ko kwalin madara irin wanda yara ke saya. Ki juya bayansa. Ki duba ƙasa, ki duba bakin leda inda aka liƙe. Za ki ga wasu ƙananan lambobi baƙaƙe, kamar an buga da hatimi. Ba ki gani ba? Matsa kusa da taga. Ba laifinki ba ne, ƙanana ne ƙwarai.

Kwanan wata biyu ake rubutawa. Ɗaya yana da haruffa MFD ko MFG kafin lambobin, shi ne ranar da aka yi abin. Ɗayan yana da EXP, wani lokaci BB, shi ne ranar da wa'adinsa ke cika. Na biyun muke nema.

Na san X da P ba sa cikin baƙaƙen Hausa da muka koya. Kada su ba ki tsoro. Ki tuna alamar da malami ke sa wa yaro da jan biro in ya faɗi tambaya, sanda biyu a gicciye. Ita ce X. Duk layin da kika ga wannan alama, nan za ki ɗora yatsa; in babu ita, ki ɗora a layin BB.

Ga misali:

MFD 03/2025
EXP 09/2025

Ɗora yatsa. A ina kika ɗora? In a layin sama ne, ɗauke, wannan ranar haihuwarsa ce. Sauko layin da ke da X. Yawwa, madalla! Lamba ta farko wata ce, ta biyu shekara. 09 shi ne wata na 9. Ƙirga da yatsu, a bayyane: Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba. Satumba ke nan, 2025. In yau mun wuce Satumbar 2025, ba a ba yaro wannan abin, ko da ledar tana ƙyalli.

Mu sake. Sifilin da ke gaban 9 ba ya mai da ita 90. Babu wata na 90. 09 tara ce, 03 uku ce, 01 ɗaya ce.

Wani kamfanin lambobi uku yake sawa:

EXP 15/09/25

Ta farko rana, ta tsakiya wata, ta ƙarshe shekara. Rana, wata, shekara. Faɗi da bakinki. Rana, wata, shekara. 25 ɗin nan 2025 ce aka taƙaita.

Yanzu rufe littafin, ki ɗauki ledar hannunki. Nemo X. Ɗora yatsa. Karanta wata. Karanta shekara.

Haba jama'a! Makon jiya na zagaya da kwalin madara guda, fiye da rabin aji layin sama suka karanta mini. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi ai mai shago ya rantse mata sabon kaya ne. Hajiya, rantsuwar mai shago ba ta hana gudawa. Kina iya zaɓen tumatir ɗaya bayan ɗaya a kasuwa, kina matsawa kina ajiyewa, sai lamba huɗu ce za ta gagare ki? Ba gagara ba ce, gaggawa ce, kuma wasunku ba sa buɗe littafin nan a gida. Na gane daga tsabtar shafukan.

To, a yi haƙuri, mu koma. Layi mai X. Ba na sama ba, mai X. In an goge lambar, ko an liƙa wata takarda a kanta, ki mayar. In kwalin ya kumbura, ki mayar ba sai kin karanta komai ba. Ki kuma nemi sunan NAFDAC da lambar rajista a jiki, hukumar da ke sa ido kan abinci da magunguna ke nan.

Aikin gida: kawo leda 5. Ki zagaye layin EXP da biro a kowacce, ki rubuta sunan watan da Hausa a gefe.

Darasi na 3: Dafaffen abinci

Shi ba ya da lamba, ido da hanci ne ma'auninsa. Ki je makaranta lokacin tara ki gani da idonki: a rufe abincin yake? Da zafinsa? Mai zubawa da cokali take yi ko da hannun karɓar kuɗi? Kada sanyin Jos ya ruɗe ki, waken da ya kwana ba a ɗumama sosai ba yana ɓata ciki. Dankalin da ya yi kore ko ya yi tsiro, da gyaɗa mai fumfuna, ba na yara ba ne. A wanke hannu da sabulu kafin a ci.

Darasi na 4: Takarda zuwa ga hedimasta

Kwafi wannan, ki sa sunanki a ƙasa:

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ɗana yana aji 2. Jiya ya sayi madara a bakin makaranta, wa'adinta ya wuce. Don Allah a duba. Na gode.

Darasi na 5: Ƙwai

Ƙwan da ya yi wari a zubar. Rubuta kalmar ƙwai sau 5, kada ki manta da lanƙwasar ƙ. Wadda ba ta kawo ledojin darasi na 2 ba, ta zo da su ranar Litinin.