Yadda za ka zaga ƙasar zinariya ta Kalifoniya da iyali a motar gida

Ni ɗan Bukuru ne, kakana aikin kuza ya yi. Shi ya sa da hutu ya zo na ce wa uwargida da yara hanya mai lamba 49 za mu bi, wadda ta ci sunan shekarar 1849, lokacin da masu neman zinariya suka yi wa jihar Kalifoniya ta Amurka tsinke.

Ka fara da zaɓen motar gida, wato motar da ake kwana da girki a cikinta, kuma ka ɗauki ƙarama. A Sakramento muka yi hayar mai tsawon ƙafa 25, da gadaje da murhun gas da bayi, lasisin tuƙi na kullum ya wadatar. Yara za su nuna maka ƙatuwa, kada ka biye musu. Tsakanin garuruwan Oban da Filasabil hanya tana gangarawa cikin kwarin Kogin Amerikan ta sake hawa, kwana a kan kwana. In za ka gangara ka sa ƙaramin giya, kada ka danne birki. Ni sai da na ji ƙaurinsa ranar farko, na tsaya ya huce, gabana yana faɗuwa. In motoci biyar sun jeru a bayanka, doka ta ce ka ratse su wuce. Muddin ana tafiya kowa ya ɗaura bel, girki sai an tsaya.

Naman halal a Sakramento za ka saya ka cika firiji, don ƙauyukan hanya ba lallai ka samu ba. Ka kama wurin kwana tun da wuri, inda za ka cika ruwa ka kuma zubar da na tankin bayi. Watan Afrilu ko Oktoba ya fi, Yuli zafi.

Kada ka ce sai ka taka kowane gari. A Koloma ne wani kafinta mai suna James Marshall ya gano zinariya ranar 24 ga Janairun 1848, a wurin injin yankan katakon maigidansa Sutter, rabin yini ya isa ka ga wurin. A garin Kolombiya yara za su hau keken doki su yi rairaya da kasko. Mahaƙar Empire da ke Giras Bali ta cancanci yini guda: daga 1850 zuwa 1956 an fitar da zinariya oza miliyan 5.8, ramukanta sun kai mil 367 a ƙarƙashin ƙasa.

Amma in wuri ɗaya kawai za ka je, to tsohuwar mahaƙar zinariya ta Malakof. A nan da ƙarfin ruwan mesa aka riƙa rushe duwatsu, laka ta bi koguna ta binne gonakin mutane, sai a 1884 kotu ta hana zubar da ita a ruwa. Ka tambayi ma'aikatan wurin hanyar da motar gida za ta iya bi, don taswirar waya tana iya jefa ka wata ƙuntatacciya. Ka riƙe hannun ƙananan, tsofaffin ramuka suna nan cikin ciyawa.

Da na tsaya a bakin wannan wagegen rami, tafkunan kuza na gida na tuna, waɗanda iyayenmu suke hana mu wanka a ciki. Autarmu ta ce, "Baba, wa zai cike shi?" Na zaunar da su a kan dutse, na fara ba su labarin kakansu da kwanon da yake ɗauka a ka.