Yadda na gyara birkin lif da ya ƙi saki

Lif ɗin yana tashi da ƙyar, injin yana gurnani, ga warin ƙuna daga wajen birki. An riga an canja masa rektifaya, wato na'urar da ke mayar da wutar AC zuwa DC don birkin, amma matsalar tana nan.

Na fara da karanta farantin koyil ɗin birkin, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu ya saki birki idan wuta ta shiga: 205 volt DC. Da na ɗora mita a bakin rektifayar, sai na ga 103 kacal. Nan gizo ke saƙar. Rektifaya mai rabin zango tana ba da kusan kashi 45 cikin 100 na wutar AC da ta shiga, mai cikakken zango kuma kusan kashi 90. A kan 230 volt, ta farko 103 take fitarwa, ta biyun kusan 205. Ashe mai rabin zango aka sa. Wanda ya sa ta, girman akwatin ya duba, bai duba lamba ba. Maganaɗisun bai da ƙarfin rinjayar siprin da ke matse birkin, shi ya sa birkin ke gogar faifai har ya yi baƙi.

Na sa mai cikakken zango, wadda amfiyarta ta fi abin da koyil ke ja. Da wutar 400 volt ce, koyil kuma na 180 volt, to mai rabin zangon ce daidai. Cikakkiya za ta ƙone shi.

Sai kuma tsayawa. Idan kontakta, wato makunnin da ke ba da wuta da yanke ta, ta yanke ta ɓangaren AC kaɗai, birki yana jinkirin kamawa, lif ya zarce bene. Na mayar da yankewar zuwa ɓangaren DC, na haɗa da ƙaramar na'urar da ake kira varistor, mai shanye tsallen wuta. Na gyara tazarar birkin da ma'auni, na gwada da kaya da babu kaya.