Yadda za a nuna wa yaran Legas tudu da gangaren Najeriya da yumɓu da buta

Yaron da ya tashi a Agege ko Idi-Araba ya san gada da kwata da ambaliyar damina, amma idan aka ce masa garin Jos yana kan tudu, da wuya maganar ta zauna masa, domin Legas a shimfiɗe take a bakin teku. Taswirar littafi ma a kwance take. Abin da ya fi dacewa shi ne a gina masa ƙasar da hannu a tsakar gida.

A nemi falankin katako mai faɗin kamar mita ɗaya, da yumɓu mai ɗan danshi, da buta cike da ruwa. Yashi bai dace ba, saboda yana zubewa da zarar ruwa ya taɓa shi. A shimfiɗa yumɓun yadda arewa za ta ɗan fi kudu kauri, sannan a ja kwari biyu da yatsa: na Kwara daga arewa maso yamma, na Binuwai daga gabas, su haɗu a Lakwaja su gangara kudu, inda za a tsattsaga bakin kogin zuwa ƙananan rassa kafin teku.

Daga nan sai a ɗora tuddai. A arewa da Binuwai a tara tudun Jos, wanda ƙololuwarsa a duwatsun Shere ta kai mita 1,829. A kan iyakar Kamaru a ɗaga tudun Mambila da Chappal Waddi na Jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar. Dole ne a yi wa tsayin ƙari sosai, domin da za a bi ainihin ma'auni a falanki irin wannan, da Chappal Waddi bai wuce milimita biyu da ɗoriya ba. A kusurwar arewa maso gabas kuwa a danna yumɓun ya lotsa, nan ne kwarin Tafkin Chadi.

Muhimmin darasin yana cikin butar. A bar yumɓun ya sha iska, sannan a miƙa wa yaron ita ya tsiyaya ruwa a hankali a kan tudun Jos. Zai ga ruwan ya rabu uku, kamar yadda Kogin Kaduna yake nufar Kwara, Gongola ya faɗa Binuwai a kusa da Numan, Jama'are kuma ya yi arewa maso gabas wajen Chadi, inda ruwansa ba ya taɓa isa teku. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba yaran Legas mamaki, tun da a saninsu kowane ruwa teku yake nufa.

Ranar da aka tashi tafiya gida ta hanyar Ilorin, a tashe shi daga barci a gadar Jebba, a tambaye shi wane kwari ne wannan a falankinsa.