Yadda za ka bi da shekara ta biyu ta Ibrananci a makarantar tauhidi

Shekarar farko ta Ibrananci hadda ce: baƙaƙe 22, wasula, jadawalin aikatau, da 'yan jimloli da marubucin littafin koyo ya gyara maka su kamar an share hanya. A shekara ta biyu ake miƙa maka nassin Tsohon Alkawari kansa a ce karanta. Nan ne wasu ɗalibai masu ƙwazo suke karaya, domin aikataun da ke cikin nassi ba kasafai suke kama da waɗanda suka haddace ba. Shawarata ita ce ka rage zaman haddar jadawali, ka ƙara zaman karatu, kuma ka riƙa fassarawa daga Ibrananci zuwa Hausa kai tsaye, ba ta hanyar Turanci ba.

Fara da littafin da za ka riƙe. Yawancin makarantu suna aiki da bugun Tsohon Alkawari na Ibrananci mai suna Biblia Hebraica Stuttgartensia, wanda ake taƙaitawa BHS. An kammala shi a 1977, kuma an gina shi a kan rubutun hannu na Leningrad, wanda aka kwafa wajen shekara ta 1008. Wasula da alamun da ke cikinsa aikin malaman Masora ne, wato malaman Yahudawa masu kwafar nassi da tsare shi, na birnin Tibariya. Nassin da za ka soma da shi kuwa, ɗauki Yunusa ko Rut. Yunusa aya 48 ne kacal, Rut 85, duka biyun labari ne. Bayan su sai labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50. Ka bar Ayuba tukuna, ko da kana sonsa.

Aikin da zai fi cin lokacinka shi ne gane saiwar aikatau mai rauni, wato wanda ɗaya daga baƙaƙensa uku yake ɓacewa. Kada ka tsaya haddace kowane jadawali. Koyi karanta alamar da baƙin ya bari. Yunusa 1:3 kaɗai ta isa darasi. Akwai wayyaƙom, wayyered, da wayyitten, kowanne baƙi biyu na saiwa kawai ya nuna maka. A wayyitten, ɗigon da ke cikin t shadda ce, tana gaya maka nun, wato baƙin n, ta narke a ciki, saiwar natan ce, bayarwa. A wayyered, wasalin e da ke ƙarƙashin ɗafin farko yana nuna yod, wato baƙin y, ce ta faɗi, yarad, sauka. A wayyaƙom kuwa dogon a yana nuna raunin a tsakiya yake, ƙum, tashi. Idan ƙarshen kalmar ne ya guntule, kamar wayya'as, nemi saiwa mai ƙarewa da baƙin he, asah, yi. Biyu ne suke karya doka, sai ka riƙe su da ka: laƙah yana yi kamar da nun ya fara, halak kuma kamar da yod. Ka kuma kula da tagwaye masu rikitarwa: wayyeshev ya zauna, wayyashov ya koma. Wasula ne kawai suka raba su.

Sifofin aikatau bakwai, Ƙal, Nifal, Fi'el, Fu'al, Hifil, Hofal da Hitfa'el, bai kamata su firgita mai jin Hausa ba. Mu ma muna da saya, sayo, saye, sayar, sayu. Yadda fita take zama fitar, haka a Ibrananci yatsa, fita, take zama hotsi, fitar, a Hifil. Sai dai kada ka ɗauki taƙaitaccen bayanin shekarar farko a matsayin doka. An ce maka Fi'el ƙarfafawa ce, kuma gaskiya ne shavar karyawa ce, shibber kuma farfasawa. Amma dibber magana ce kawai, babu wani ƙarfi a ciki. An ce Nifal na abin da aka yi wa aiki ne, ga shi nilham na nufin ya yi yaƙi. Duba ƙamus ka ga abin da wannan saiwar take nufi a wannan sifar.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe. Ƙashin bayan labari a Ibrananci shi ne wayyiƙtol, siffar da take jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Littattafan nahawu suna cinye shafuka da dama wajen bayyana wa mai jin Turanci bambancinta da ƙatal, siffar da galibi take nuna aikin da ya riga ya kammala. Kai kuwa kana da bambancin a bakinka tun kana yaro. Idan kana ba da labari ba ka cewa sun tashi, sun tafi, sun iso. Cewa kake sai suka tashi, suka tafi, suka iso. Wannan suka ɗin shi ne aikin wayyiƙtol. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, amma sun yi kusa ƙwarai.

Saboda haka ga abin da za ka yi da kowace sura kafin ka fassara ko kalma ɗaya. Ɗauki fensir, ka ja layi a ƙarƙashin kowane wayyiƙtol. Sannan ka nemi inda jerin ya tsinke, inda waw, baƙin da ke nufin kuma, ta manne wa suna maimakon aikatau. Marubucin ba ya tsinke jeri a banza. A Yunusa 1:5 matuƙan jirgi suka tsorata, suka yi kuka ga allolinsu, suka zubar da kaya a teku, sai ga weYonah yarad. Suna ya zo gaba, aikatau ya koma ƙatal. Wanda ya fassara shi da sai Yunusa ya sauka ya sa saukar ta zo bayan zubar da kayan. Abin da ya fi dacewa shi ne, Yunusa kuwa ya riga ya sauka can cikin jirgin. Wannan kuwa ɗin ya yi aikin nan tsaf. Haka Farawa 39:1 take, bayan labarin Yahuza ya katse zancen: weYosef hurad, Yusufu kuwa an gangara da shi Masar.

Alamun karin karatu, waɗanda ɗalibai suke tsallakewa kamar ado ne, su ne waƙafin nassin. Koyi uku tun makon farko: silluƙ a ƙarshen aya, atnah da ke raba aya gida biyu, da zaƙef da ke sake raba rabin. Kafin ka taɓa doguwar aya, nemi atnah. Zabura, Ayuba da Karin Magana suna da nasu tsarin daban, ka sani kawai don kada ka ruɗe.

A gefen shafi za ka riƙa ganin ƙere, abin da ake karantawa, gaban ketiv, abin da aka rubuta. Rut 3:3 tana da misali mai kyau. Na'omi tana gaya wa Rut ta sauka masussuka, amma baƙaƙen da ke rubuce suna kama da zan sauka, malaman Masora kuma suka nuna a karanta ki sauka. Ba su goge ba, ba su gyara ba, sun ajiye duka biyun. Ƙananan bayanan ƙasan shafi kuma, masu nuna inda tsohuwar fassarar Helenanci ko wasu rubuce-rubucen hannu suka bambanta, ka koyi karanta gajerun alamunsu, amma kada ka yi saurin sauya nassi don edita ya ba da shawara. Shawara ce.

Game da ƙamus, na Brown, Driver da Briggs, na 1906, ya jera kalmomi bisa saiwa, don haka ba za ka sami kalma ba sai ka gane saiwarta. Wasu suna ganin wannan wahala ce. Ni horo nake ganinsa. Manhajar kwamfuta da take feɗe maka kalma da taɓawa ɗaya kuwa, buɗe ta bayan ka rubuta naka hasashen, ba kafin ba. Ranar jarrabawa ba ta tare da kai.

Fassara ka yi ta sau biyu. Ta farko ɗanya, kalma da kalma, don malaminka ya ga ka gane ginin. Ta biyu Hausar da za a karanta a gaban jama'a ba wanda ya ɗaga gira. Mot tamut na Farawa 2:17, a ɗanyen, mutuwa za ka mutu. A na biyu, lalle za ka mutu. Bet hammelek gidan sarki ne, ɗafin mallaka namu ya ɗauke shi ba tare da wani ƙari ba. Sannan ka tsare maimaici inda marubucin ya yi shi da gangan. Yunusa ya sauka Yafa, ya sauka cikin jirgi, ya sauka can ƙasan jirgin, a addu'arsa kuma ya ce ya sauka har gindin duwatsu. Saiwa ɗaya ce, yarad. Idan ka sa ya tafi a nan, ya shiga a can, mai karatu ba zai ga gangarowar ba. Fassarar da ka saba da ita kuwa ka rufe ta sai ka gama taka, kana ka kwatanta. Wajen kwatantawar ka lura da lambobin aya, domin abin da yake Yunusa 2:1 a Ibrananci shi ne 1:17 a fassarori da yawa.

Karanta aya biyar zuwa goma kullum, da babbar murya, ka sake karanta na jiya kafin ka shiga na yau. Kalmomin da za ka haddace su zama waɗanda suka bayyana sau 50 ko fiye a nassi. Sauran ka rubuta ma'anarsu a gefen takardarka ka wuce.