Yadda ake haɗa ƙugiyar DNA ta tantance mutum

Ƙugiya a nan guntun zaren DNA ne da aka yi wa alama, wanda ba ya kama komai sai irinsa. Alec Jeffreys ne ya buɗe wannan hanya a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, kuma ƙugiyoyinsa biyu, 33.6 da 33.15, su suka fi shahara. Tsohuwar hanya ce, wadda sababbin hanyoyi suka maye gurbinta.

Da farko nemi wurin da gajeren jerin haruffan DNA ke maimaituwa bi da bi, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Kwafe shi a cikin fulasmid (ƙaramin zoben DNA na bakteriya), ka yi masa alama da fosforas-32, sinadari mai fitar da haske da ido ba ya gani. Wannan ita ce ƙugiyar.

Jinin wanda za a tantance a kwalbar EDTA (sinadarin da ke hana shi daskarewa) ake ɗibarsa, a ciro DNA daga ciki. Kowane samfuri na buƙatar DNA maikirogiram 2 zuwa 5, wanda bai rududduge ba, don manyan guntaye ne ke fara ɓacewa in ya lalace. Yanka shi da enzayim HinfI, sinadarin da ke yanka DNA gunduwa-gunduwa, a zafin digiri 37 na Salshiyos. Gefe da gefe yake yanka, ya bar maimaicin cikakke. Nan aka fi yin ɓarna. In yankan bai kammala ba, layukan ƙarya za su fito ta sama a hoton ƙarshe, inda kowane guntu ke fitowa a matsayin layi, har ɗan halak ya zama kamar ba na ubansa ba. Gwada ɗan kaɗan a ƙaramin jel tukuna.

Daga nan sai jel ɗin agaros kashi 0.8 cikin ɗari, da lantarki mai rauni da ke jan guntayen ya raba su bisa tsawonsu, ya kwana. Gaggawa na cakuɗa layuka. Mayar da guntayen kan shimfiɗar nailan ta hanyar Southern (tsotso su daga jel zuwa shimfiɗar), zuba ƙugiyar ta kwana a digiri 65. Wankewa da ruwan gishiri na SSC mai ƙarfin 1 na barin layuka da yawa. Mai ƙarfin 0.1 na kore duk abin da bai dace daidai ba. Sai a ɗora fim ɗin hoton ƙashi a kan shimfiɗar: duk inda ƙugiyar ta kama, layi zai fito.

Jarraba ƙugiyar kan iyalai: kowane layin yaro ya kamata a same shi wajen uwa ko uba, ban da ɗan sauyin da kan faru jefi-jefi.

Amma daidaituwar layuka ba hujja ba ce sai an san yawan kowane layi a cikin al'ummar da mutumin ya fito. Tara aƙalla mutum 100 marasa dangantaka. Inda auren zumunci ya yawaita, kamar a ƙasar Hausa, mutane sun fi tarayya a layuka, kuma lissafi da alƙaluman Turai zai kambama ƙarfin shaidar. Wannan sharaɗi bai canza ba ko da aka koma PCR (hanyar ninka kwafin DNA) da gurabe 20 na DNA da ake dubawa a tsarin CODIS, rumbun bayanan DNA na Amurka.