Yadda za ka kalli tsohon fim ɗin noir har ka gane abin da ake yabo a ciki

Akwai wasu finafinan Turawa baƙi da fari da aka yi a lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa, ana ce musu film noir, duk inda masana fim suka haɗu sai ka ji suna ta zuzuta su, kai kuma ka ƙona datarka ka sauke ɗaya ka kunna, kafin minti ashirin ka fara hamma kana duba WhatsApp. Ba laifin fim ɗin ba ne kuma ba naka ba ne, ido ne ya saba da wani abu daban. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya da na Kannywood mun saba tun a sin ɗin farko mu gane wane ne akta wane ne bos, mun san akta ba ya mutuwa, kuma ko ana ha maza ha mata sai ya auri yarinyar. To noir ba haka yake tafiya ba. Bari mu ɗauki guda ɗaya mu bi shi, The Third Man na 1949, wanda Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta labarin. Zan fasa ƙwai a kan yadda ya ƙare fa, wanda ba ya so ya je ya kalla ya dawo.

Mataki na farko, gyara wurin kallo. Dare za ka bari ya yi, ka kashe ƙwan ɗaki, in a waya ne kar ka ƙure hasken sikirin don kana so ka ga komai, duhun nan da gangan aka yi shi. Ka sa iyafis. Sannan ka nemi kwafin Ingila mai minti 104, don wanda aka fitar a Amurka furodusa David O. Selznick ya yanke masa kusan minti 11.

Na biyu, ka san garin kafin ka shiga. Labarin a Biyana yake, babban birnin Ostiriya, bayan yaƙi, lokacin da aka raba garin gida huɗu tsakanin Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyat, tsakiyar garin kuma su huɗun ke sintiri tare a mota ɗaya, soja huɗu kowa da yarensa. A 1948 aka je can aka ɗauki fim ɗin, wato rusassun gidajen da za ka gani da tarin ɓaraguzai ba kafinta ne ya haɗa su ba, aikin bam ne na gaske. Abinci ya yi wuya, magani ya yi wuya, kowa ya koma kasuwar bayan fage, mutum mai kwat da taye yana sayar da agogonsa don ya samu sigari. In ka riƙe wannan a ranka za ka gane dalilin da ya sa kowa a fim ɗin yake magana yana waiwaye.

Na uku, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ka daina neman akta. Wanda ka ɗauka shi ne jarumi, Holly Martins, wanda Joseph Cotten ya fito a matsayinsa, Ba'amurke ne marubucin ƙananan littattafan kaboyi, ba shi da ko sisi, abokinsa na yarinta Harry Lime ya kira shi zai ba shi aiki, yana sauka aka ce ai Harry mota ta buge shi yanzu ma ake binne shi. Sai gogan naka ya ce shi bai yarda ba, sai ya binciko gaskiya, musamman da mai gadin gidan ya ce masa mutum uku ne suka ɗauke gawar daga titi ba biyu ba kamar yadda aka faɗa wa ƴan sanda. A fim ɗin da muka saba, daga nan zai fara kakkarya mutane. A nan kuwa ka lura da kyau, Holly ba ya jin Jamusanci, ana ta yi a gabansa bai san me ake cewa ba, kuma da gangan ba a fassara mana ba don mu ma mu ji yadda yake ji. Yana shan giya ya yi ta surutu, bincikensa ne ya jawo aka kashe mai gadin nan, ita kuma Anna, budurwar Harry, hukuma ta gano takardunta na jabu ne. Mutumin kirki ne amma duk inda ya sa hannu sai ya ɓata. In kana jiran ya burge ka za ka sha jira, amma in ka zauna kana kallon yadda mai kyakkyawar niyya ke tafka ɓarna don bai san inda yake ba, fim ɗin ya fara buɗe maka ke nan.

Na huɗu, kalli bango kamar yadda kake kallon fuska. Robert Krasker ne ya riƙe kyamara, kuma ya ci Oscar a kan wannan aikin. Sau da yawa za ka ga hoton a karkace kamar wanda ya ɗauka ya jingina da kafaɗa ɗaya, ba kuskure ba ne, duk lokacin da aka karkata ka tambayi kanka wa ke ƙarya a wannan sin ɗin ko wa ya rikice. Titunan da dare suna ƙyalli saboda ruwa ake watsa musu kafin a ɗauka don duwatsun su riƙa mayar da haske. Ga inuwa kuma, akwai inda sojoji suka yi kwanton ɓauna suna jiran Harry, sai ga wata ƙatuwar inuwa ta taso a jikin gini ta kai hawa biyu, kowa ya riƙe numfashi, ashe wani tsoho ne mai sayar da balan-balan. Irin wannan wasa da haske da duhu daga finafinan Jamus na shekarun 1920 ya samo asali, kuma daraktoci irin su Fritz Lang da Robert Siodmak da Billy Wilder da suka bar Turai a zamanin Hitler sun tafi da shi Hollywood.

Sin ɗin da nake so ka maimaita sau biyu ko uku shi ne inda Harry ya fara bayyana, bayan an shafe kusan awa guda ana maganarsa a matsayin mamaci. Anna ta riga ta faɗa cewa kyanwarta ba ta son kowa sai Harry. Sai kyanwar ta fita titi, ta je wata ƙofa mai duhu ta kwanta a kan takalmin wani mutum tana wasa da igiyar takalmin, mu takalmin kawai muke gani. Holly a buge ya fito yana ta ihu wai ɗan leƙen asiri ne ke bin sa, ihun ya dami wata mata a saman bene ta kunna fitila, hasken tagar ya faɗo daidai kan fuskar Orson Welles, wanda ya fito a matsayin Harry, ya ɗan yi wani murmushi na shaƙiyanci, matar ta kashe fitila, shi ke nan ya ɓace. Ko kalma ɗaya bai ce ba. Wallahi a wannan daƙiƙoƙin sai ka ji kana son mutumin, kuma tarkon ke nan.

Don mataki na biyar shi ne ka kama kanka kana son bos. Abin da Harry ya yi ba ƙarami ba ne, satar penisilin yake daga asibitin soja ya tsarma ta da ruwa ya sayar, aka yi wa yara masu sanƙarau allura da ita, wasu suka mutu wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayanin jabun magani ba, wanda ya san irin yaƙin da marigayiya Dora Akunyili ta yi a NAFDAC daga 2001 ya san zancen. Amma duk da haka in suka hau lilon nan mai juyawa na filin wasan Prater, Harry yana nuna mutane can ƙasa sun zama ɗigo-ɗigo, yana tambayar Holly in za a ba shi fam dubu ashirin kan kowane ɗigo da ya daina motsi anya zai ƙi karɓa, cikin fara'a yake faɗa yana tsotsar maganin ciki, sai ka ga ya fi kowa daɗin zama a duk fim ɗin. Daga baya Manjo Calloway, jami'in sojan Birtaniya da ke binciken Harry, ya kai Holly asibitin yaran, kuma ka lura ba a nuna mana yaro ko ɗaya ba, fuskar Holly kawai muke gani yana leƙa gadaje, da ƴar tsana da aka jefar gefe don mai ita ba ya nan. Ni a ganina wannan ƙin nunawar ya fi a nuna ciwo.

Na shida, kunne. Babu ganguna da goge masu tayar da hankali, kiɗan gaba ɗaya na mutum ɗaya ne, Anton Karas, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kwantarwa a kan tebur ana kaɗawa da yatsu, sunansa zither. Kiɗan kamar na nishaɗi, ana binne mutum yana tashi, ana farautar mutum yana tashi, da farko zai ba ka haushi ka ce wannan bai dace ba, daga baya ka gane halin Harry ne aka mayar kiɗa. A cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari kuwa inda ake bin sa a ƙarshe, kiɗan ya ja baya, sai ƙarar ruwa da takun takalmi da muryoyi suna amsa-kuwwa ta kowane rami har shi kansa bai san ta ina za su ɓullo ba.

Na bakwai, kar ka kashe da an harbe Harry, kuma kar ka ja gaba. Bayan an binne shi karo na biyu Holly ya sauka daga motar Calloway ya tsaya a gefen hanya yana jiran Anna, tana tahowa daga can nesa tsakanin bishiyoyi, kyamara ba ta motsa ba, tafiyar ta yi tsawo har ka gama shirya yadda za su rungumi juna, ta zo ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba. Shi Greene da farko so ya yi su tafi tare, Reed ya ƙi, daga baya Greene ya yarda Reed ne ke da gaskiya. Holly ya yi abin da ya dace, ya ba da abokinsa, Anna kuma ta san duk abin da Harry ya aikata amma a wurinta cin amana cin amana ne. Ka zauna da abokanka ku yi musu a kan wa ya fi gaskiya tsakanin su biyun, za ku kai dare ba ku gama ba.

Bayan kwana biyu ka sake kallonsa daga farko, yanzu da ka san Harry na raye, ka bi fuskokin abokansa a wurin jana'izar farko ka ga yadda suke satar kallon juna. Daga nan ka tsallaka Amurka, ka nemi The Killers na 1946 da Out of the Past na 1947 inda Robert Mitchum ya fito. Su waɗannan a ƙarƙashin dokar tace finafinai ta Hollywood aka yi su, wadda ta ce dole mai laifi ya gamu da sakamakonsa, saboda haka tun farko ka san ba za a wanye lafiya ba, The Killers ma da kashe mutumin da labarin yake kansa aka buɗe shi sannan a koma baya a nuna maka yadda aka yi ya kwanta a gado yana jiran makasansa bai ko yi yunƙurin gudu ba.